Manyan Gidajen Karkarar Ingila: Nawa Suka Ci, Kuma Wa Ya Biya?

Duk wanda ya bar birnin Landan ya nausa cikin karkarar Ingila, ba zai yi nisa ba sai ya tsinkayi wani ƙasaitaccen gini tsaye shi kaɗai a tsakiyar makeken dausayi, ga tafki a gabansa, ga dogayen itatuwa sun yi masa layi, ga tumaki ko bareyi suna kiwo kewaye da shi. Baƙo sai ya zaci fadar Sarki ce, ko kuwa wata babbar ma'aikata ta gwamnati, alhali kuwa gidan mutum ɗaya ne da iyalinsa. Wani gidan ɗakunansa sun haura ɗari, wani ma sun haura ɗari biyu, kuma irinsu manya da matsakaita dubbai aka gina a ƙasar tsakanin ƙarni na 16 da farkon ƙarni na 20.

A yau jama'a kan biya kuɗin shiga su zagaya cikin waɗansu daga gidajen nan, su ga zane-zane da kujeru da gadajen da sarakuna suka kwana a kai, su fito suna ta yabo. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne nawa aka kashe, daga ina kuɗin suka fito, kuma wa ya ƙarasa biya. Littattafan lissafi da takardun shari'a da suka saura sun amsa waɗannan tambayoyi, kuma amsar ita ce, kuɗin gona kaɗai ba kasafai ya kan ɗauki nauyin irin wannan gini ba. Cikon ya kan fito daga baitulmali, ko daga gumin bayi, ko daga dukiyar amarya, ko kuwa daga bashi, sa'an nan lissafin ya kan bi 'ya'ya da jikoki shekaru ɗari ko fiye bayan an binne mai ginin.

Dalilin da ya sa suka ɗora wa kansu wannan kaya kuwa ba ɓoyayye ba ne. A Ingila ta wancan zamani mai ƙasa shi ne mai iko. Shi ke zaman shari'a a yankinsa, kuma manoman da ke hayar gonakinsa ba su iya saɓa masa ranar zaɓe, domin har shekarar 1872 a bainar jama'a ake jefa ƙuri'a. Gidansa shi ne shaidar ƙarfinsa, nan ya kan sauki ministoci, wani lokaci har da Sarki. Bugu da ƙari, ba su raba gadon ƙasa; babban ɗa namiji ke ɗauke gida da gandu gaba ɗaya. Saboda haka mai gini suna yake kafa wa zuriyarsa, wanda kuwa ke neman suna ba ya son a ce na maƙwabcinsa ya fi nasa.

FAM DA SULE DA KWABO

Kafin a ambaci adadin kuɗin, ya kamata mai karatu ya san nauyin fam na wancan zamani. Dattawan da suka yi ciniki kafin Nijeriya ta koma naira a 1973 sun san lissafin: kwabo 12 sule guda, sule 20 fam guda. Wani masanin ƙididdiga mai suna Gregory King ya ƙiyasta abin da kowane rukunin mutanen Ingila ke samu a shekarar 1688, ya ce iyalin lebura su kan sami fam 15 a shekara, babban basarake mai kujera a Majalisar Sarakuna kuwa kimanin fam 3,000. A farkon ƙarni na 18, lebura a wurin gini ya kan tashi da kimanin sule guda a yini, gwanin magini ko kafinta kuma sule da sisi zuwa sule biyu. Watau ke nan duk inda aka ji an kashe fam 15,000, to, an kashe abin da zai riƙe iyalan leburori dubu shekara guda cur.

INDA KUƊIN KE SHIGA

Kafin zuwan jirgin ƙasa, dakon kaya na daga abubuwan da suka fi cin kuɗi, domin hanyoyi laka ne da damina, kuma da amalanken dawaki ko na shanu ake jan dutse. Don haka mai hankali ya kan fara duba abin da ke cikin ƙasarsa. Wata attajira da ake kira Bess ta Hardwick, wadda ta gina Hardwick Hall a lardin Derbyshire tsakanin 1590 da 1597, daga cikin gandayenta ta sami dutse da katako da darmar rufi, shi ya sa ta gama gininta cikin shekara bakwai ba ta jigata ba.

Lardin Norfolk kuwa ba shi da dutsen gini na kirki. Sir Robert Walpole, da ya tashi gina Houghton Hall a can cikin 1722, sai da aka fasa masa dutse kusa da Whitby a lardin Yorkshire, aka yi dakonsa ta teku zuwa tashar King's Lynn, kana aka jawo shi ta ƙasa. Ƙofofi da matakalar bene kuma da jan katakon da ake kawowa daga tsibiran Karibiyan aka yi su. Maƙwabcinsa Thomas Coke, mai gidan Holkham, ya zaɓi a gasa masa tubali a cikin gandunsa, amma duk da haka farin dutsen da aka ƙawata babban zaurensa da shi daga lardin Staffordshire aka kawo, ta kogi da teku.

Gwamnati ma ba ta bar su haka ba. An yi harajin taga daga 1696 zuwa 1851, da harajin tubali daga 1784 zuwa 1850, gilashi ma an ɗora masa nasa har zuwa 1845.

Ranar da bango ya tsaya aka ɗora rufi, rabin tafiya aka yi. Da sauran masu yaɓen ado, da masassaƙa, da masu zanen rufin ciki, da labulen siliki, da gadaje da kujeru. Da sauran barga, da masaukin barori, da katangar da za ta kewaye dausayi mil da yawa, da tafkin da ɗaruruwan mutane za su haƙa da shebur da baro. Charles Howard, mai sarautar Earl na Carlisle, ya kashe kimanin fam 78,000 a Castle Howard daga 1699 zuwa rasuwarsa a 1738, kuma abin da ya shiga ainihin gidan bai kai rabi ba. Sauran a lambuna da gine-ginen ado da hubbaren da ya tanada wa kansa suka tafi. Duk da haka bai bar gidan a kammale ba, sai wajen 1811 aka gama ɓangaren yamma.

Shi kuwa Coke, hasarar da ya yi lokacin da hannun jarin Kamfanin Tekun Kudu ya faɗi a 1720 ta sa bai aza harsashin Holkham ba sai 1734. Ya riƙa gini sannu a hankali gwargwadon abin da ke shigowa kowace shekara. Ɗansa tilo ya rasu a 1753 bai bar baya ba, shi ma ya bi shi a 1759, matarsa ce ta ƙarasa aikin a 1764, bayan an kashe kimanin fam 90,000. Shekara 30 ana ginin zuriya, aka gama babu zuriyar da za ta shiga, sai ɗan 'yar'uwarsa ya gada.

KYAUTAR DA TA ZAMA RIGIMA

Ba gidan da labarin kuɗinsa ya shahara kamar Blenheim. Ranar 13 ga Agusta, 1704, sojojin Ingila da na ƙawayenta suka karya rundunar Faransa a wani ƙauye da ke bakin kogin Danube, cikin ƙasar Jamus ta yanzu, wanda Turawan Ingila ke kira Blenheim. Jagoransu shi ne John Churchill, mai sarautar Duke na Marlborough, ita ce kuwa sarauta mafi girma da a kan naɗa wanda ba ɗan gidan Sarki ba. Don tukuici, Sarauniya Anne ta ba shi gandun sarauta na Woodstock kusa da Oxford, ta kuma ɗauki alkawarin za a gina masa gida a can da kuɗin ƙasa.

Aka danƙa aikin ga John Vanbrugh, wanda ya yi soja ya kuma yi suna wajen rubuta wasan kwaikwayo kafin ya shiga zanen gini. Aka ƙiyasta fam 100,000 za su isa, aka aza harsashi cikin watan Yuni na 1705, ma'aikata fiye da dubu suka duƙufa. Sai dai an yi sakaci guda: ba a rubuta iyakar abin da baitulmali zai biya ba, ba a kuma rubuta wanda bashi zai hau kansa in kuɗi sun tsaya ba. Duk abin ya rataya ne a kan amincin da ke tsakanin Sarauniya da Sarah, matar Marlborough, wadda aminiyarta ce tun ƙuruciya.

Ita Sarah tun farko ba ta son girman ginin. Ta riƙa bin lissafi kwabo-kwabo, tana faɗa da Vanbrugh kan farashin farar ƙasa da ladan masu amalanke. Gadar da ya gina a gaban gidan, a kan wani ɗan rafi, ta ce ta ƙirga ɗakuna 33 a cikinta. Ana cikin haka sai ita da Sarauniya suka ɓata, aka tuɓe ta daga muƙamanta na fada a 1711, mijinta ma aka raba shi da shugabancin soja a ƙarshen shekarar. A 1712 baitulmali ya rufe ƙofa. A lokacin an riga an kashe fam 220,000, ma'aikata da 'yan kwangila suna bin fam 45,000, gida kuma bai kammalu ba. Marlborough da matarsa suka bar ƙasar, ba su komo ba sai da Sarauniya ta rasu a 1714.

Waɗanda suka fi shan wuya su ne masu aikin hannu. Sabuwar gwamnati kimanin kashi ɗaya cikin uku na bashinsu ta biya. Babban magini Edward Strong, wanda ya yi aikin babbar majami'ar St Paul ta Landan, sai da ya kai Marlborough ƙara kotu. Da aka koma aiki a 1716 da kuɗin aljihun mai gida, Sarah ta rage lada, gwanaye da dama suka ƙi komowa, Vanbrugh kansa ya yi fushi ya bar aikin cikin shekarar nan. Marlborough ya rasu a 1722 bai ga ƙarshen gidansa ba. A 1725 Vanbrugh ya zo da matarsa don su ga abin da ya zana, aka tare su a ƙofa bisa umurnin Sarah.

Da aka rufe lissafi, Blenheim ya ci kimanin fam 300,000, watau ninki uku na ƙiyasin farko, kimanin fam 60,000 daga ciki daga aljihun Marlborough, sauran daga harajin jama'a. A ma'aunin Gregory King, abin da iyalan leburori 20,000 ke samu ke nan a shekara.

MASU RIƘE DA MABUƊIN BAITULMALI

Kuɗin Blenheim dai a fili aka fitar da su da sanin Majalisa. Akwai gidajen da su ma kuɗin jama'a ne suka gina su, amma ta bayan gida. Thomas Howard, Earl na Suffolk, ya gina Audley End a lardin Essex tsakanin 1605 da 1614, ya kuma faɗa wa Sarki James na Ɗaya cewa ya kashe fam 200,000 a kansa. An ce Sarkin ya yi masa ba'a, ya ce gidan ya yi wa Sarki girma amma ya dace da Ma'aji. Suffolk ya zama Ma'ajin Ƙasa a 1614, cikin 1619 kuwa aka same shi da matarsa da laifin cin amanar baitulmali, aka tsare su a Hasumiyar Landan, aka ci shi tarar fam 30,000. Magadansa suka kasa riƙe gidan, aka yi ta rushe shi sashe-sashe, har abin da ke tsaye yau bai wuce kashi ɗaya cikin uku na asalinsa ba.

James Brydges shi ne mai biyan albashin sojojin Ingila da ke yaƙi a ƙetare daga 1705 zuwa 1713, watau sojojin nan na Marlborough. Ya bar muƙamin yana cikin mafiya arziki a ƙasar, ya zama Duke na Chandos, ya gina gidan Cannons kusa da Landan a kan kimanin fam 200,000, har ya ajiye shahararren mai tsara kiɗan nan Handel a gidansa. Faɗuwar hannun jari ta 1720 ta taɓa shi ƙwarai. Ya rasu a 1744, bayan shekara uku kacal magajinsa ya sa aka rushe gidan, aka yi gwanjon duwatsu da ginshiƙai da matakala don biyan bashi.

Walpole, wanda ake lissafa shi Firayim Minista na farko a Ingila, ya riƙe mulki daga 1721 zuwa 1742, kuma cikin waɗannan shekaru ne ya gina Houghton. Shi da bakinsa ya ce gidan ya ci fiye da fam 200,000, an kuma ce ya ƙone yawancin takardun lissafin. Ya rasu a 1745 da bashin dubban fam a kansa. A 1779 jikansa ya sayar wa Sarauniya Catherine ta Rasha zane-zanen gidan wajen 200 a kan kimanin fam 40,000, har yau kuwa da yawa daga cikinsu suna gidan tarihi na Hermitage a birnin St Petersburg.

GUMIN BAYI

Wata babbar maɓuɓɓugar kuɗin kuma tana can ƙetaren teku. Iyalin Lascelles na Yorkshire sun tara dukiyarsu a tsibirin Barbados, ta hanyar sukari da aikin kwastan da ba masu gandu rance, da kuma fataucin bayin da ake kwasowa daga gaɓar Afirka ta Yamma. Da wannan dukiya Edwin Lascelles ya gina Harewood House tsakanin 1759 da 1771, ya ɗauko gwanayen zamaninsa, har kayan ɗakin da mashahurin kafinta Thomas Chippendale ya yi masa kaɗai sun haura fam 10,000.

Da Majalisa ta yi dokar 'yanta bayi a 1833, ta ware fam miliyan 20 don biyan diyya, kimanin kashi 40 cikin 100 na abin da gwamnati ke kashewa a shekara. Iyayengijin bayin aka biya, su bayin ko anini ba su samu ba. Earl na Harewood na biyu ya karɓi fiye da fam 26,000 a kan mutum 1,277. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

William Beckford yana yaro ɗan shekara tara ya gaji gandayen rake na mahaifinsa a Jamaika cikin 1770, tare da bayin da ke nomansu. A 1796 ya fara gina Fonthill Abbey a lardin Wiltshire, mai hasumiya da ta haura ƙafa 270. Mutum ne marar haƙuri. Ya sa ma'aikata wajen 500 suna aiki dare da rana da hasken wuta, aka yi ta ɗora katako da siminti marar ƙarko a kan harsashin da bai isa ba, hasumiyar ta faɗi, aka sake tayar da ita. Shi da kansa ya ce ginin ya ci fam 273,000. Da farashin sukari ya karye, ya kuma rasa waɗansu gandayensa a shari'a, sai bashi ya tilasta masa sayar da gidan a 1822 ga John Farquhar, wanda ya yi arziki da sana'ar albarushi a Indiya. Ranar 21 ga Disamba, 1825, hasumiyar ta rufto gaba ɗaya ta danne wani sashe na gidan, ba a jima ba aka kwashe yawancin abin da ya saura.

A 2020 ƙungiyar National Trust, mai kula da wuraren tarihi a ƙasar, ta fitar da rahoto ta ce 93 daga cikin wuraren da ke hannunta suna da alaƙa da bauta ko mulkin mallaka.

Talakawan Ingila su ma sun biya nasu kason. In ƙauye ya tare wa mai gida kyan gani daga tagarsa, sai a tashe shi. Walpole ya kawar da ƙauyen Houghton ya sake masa mazauni a wajen katangarsa. Joseph Damer, mai gidan Milton Abbey a lardin Dorset, ya yi shekaru yana rushe wani tsohon gari mai kasuwa da makaranta a ƙarshen ƙarni na 18, ya mayar da wurin dausayi da tafki, ya gina wa waɗanda suka rage wani ƙaramin ƙauye a inda idonsa ba zai kai ba.

BASHI YA BIYO MAGADA

Babban gida ba ya kawo ko kwabo, ci kawai yake yi: albashin barori masu yawa, gawayin ɗumama ɗakuna, gyaran rufin da faɗinsa ya kai eka da yawa. Magajin da bai iya riƙo ba nan da nan ya kan ga ƙarshen abin. Wanstead House a gabashin Landan, wanda aka gina da dukiyar da iyalin Child suka tara a Kamfanin Gabashin Indiya, an ce ya ci fam 360,000. Magajiyarsa Catherine Tylney-Long ta auri wani ɗan ɗan'uwan Duke na Wellington a 1812, cikin shekara goma ya cinye dukiyar. Aka yi gwanjon kayan gidan a 1822, shekara ta gaba aka sayar da ginin kansa ga masu rushewa a kan fam 10,000.

Duke na Buckingham na biyu, mai gidan Stowe, ya yi ta sayen ƙasa da rance, ya kuma kashe maƙudan kuɗi wajen saukar Sarauniya Victoria a farkon 1845. Zuwa 1847 bashinsa ya kusa fam miliyan ɗaya da rabi. A 1848 aka kwana 40 ana gwanjon kayan gidan, abin da aka tara bai wuce kimanin fam 75,000 ba. Tun 1923 Stowe makaranta ce.

Blenheim ma bai tsira ba. Daga ƙarshen shekarun 1870 alkamar Amurka mai araha ta cika kasuwannin Ingila, kuɗin hayar gonaki ya faɗi, magadan Marlborough suka shiga sayar da abin da kakanninsu suka tara: duwatsu masu daraja, da littattafai, da zane-zane. Zane guda na gwanin nan Raphael na Italiya a kan fam 70,000 gwamnati ta saye shi a 1885. Da wannan bai isa ba, Duke na tara ya auri Consuelo Vanderbilt, 'yar attajiran jirgin ƙasa na Amurka, a 1895, ta zo da hannun jari na dala miliyan biyu da rabi. Gida ya gyaru, aure kuwa bai yi daɗi ba, domin uwarta ce ta tilasta mata. Suka rabu a 1906, aka kashe auren a 1921.

ZAMANIN RUSAU

Ƙarni na 20 shi ya kawo babban lissafi. Harajin gado da aka kafa a 1894 bai wuce kashi 8 cikin 100 ba a kan dukiya mafi girma, amma zuwa 1949 ya kai kashi 80. Yaƙin Duniya na Farko ya ci magada da yawa, barori suka koma masana'antu, a Yaƙi na Biyu kuma sojoji suka karɓe gidaje suka mayar da su bariki da asibiti, suka bar su a lalace. Da Duke na Devonshire na goma ya rasu a 1950, aka nemi magajinsa ya biya kimanin fam miliyan 7, har sai da ya miƙa wa gwamnati Hardwick Hall, gidan nan na Bess, a madadin wani sashe na harajin, don ya tsira da Chatsworth.

Waɗanda ba su da abin miƙawa sai suka kira masu rushewa. An ƙiyasta cewa a 1955 kowane kwana biyar a kan rushe babban gida guda, kuma fiye da dubu ne suka tafi a Ingila cikin ƙarnin. Har Eaton Hall na Duke na Westminster, wanda aka yi shekara 12 ana gininsa daga 1870 aka kashe fiye da fam 600,000, a farkon shekarun 1960 aka rushe yawancinsa, ko da yake iyalin suna cikin mafiya arziki a ƙasar. Sai bayan wani nuni da aka yi a gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan cikin 1974, wanda ya jera hotunan gidajen da aka yi hasara, hankalin jama'a ya tashi, rusau ya lafa.

Waɗanda suka tsira, yawancinsu da kuɗin 'yan kallo suke rayuwa, ko da hayar wurin biki da ta masu shirya fim. Blenheim, inda aka haifi Winston Churchill a 1874, ya buɗe ƙofarsa ga jama'a tun 1950. Wentworth Woodhouse a Yorkshire, mai ɗakuna fiye da 300 da fuska mai tsawon ƙafa 600 da 'yan kai, wata ƙungiyar adana tarihi ce ta saye shi a 2017 a kan fam miliyan 7, bayan gwamnati ta ware fam miliyan 7.6 don gyaran gaggawa, yawanci na rufi. Watau toshe yoyo ya fi sayen gidan tsada, cikakken gyara kuwa an ƙiyasta zai haura fam miliyan 100.

Wanda ya bi wannan lissafi tun daga Audley End har zuwa Wentworth zai ga cewa kuɗin dutse da katako shi ne mafi sauƙi a ciki, domin shi kaɗai ne ke da ranar ƙarewa. A saman ƙofar kowane gida an sassaƙa tambarin mutum ɗaya, amma masu biya suna da yawa: mai biyan haraji da bai taɓa taka harabar ba, da maginin da aka ba kashi ɗaya cikin uku na haƙƙinsa, da mutanen ƙauyen da aka tasa, da amaryar da aka yi wa dole, da jikan da ya tsaya yana kallon ana gwanjon gadon kakansa. Na ƙarshe a jerin su ne mutanen da aka kwasa daga gaɓar Afirka, waɗanda sunayensu ke rubuce cikin littattafan gandun rake na Barbados da Jamaika, kowane da farashinsa a gefe, a jere da shanu da alfadarai.